Ramuka Tara a Bayan Ganuwa

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa.

Daga Yahaya marini na Tambuwal, zuwa ga ɗansa Idrisu, wanda yake Kebbe a gidan surukansa yana jiran tashin ayari. Gaisuwa mai yawa da addu'a. Allah ya sa takardar nan ta same ka lafiya, kai da Rabi da jaririyarku. Ka gaishe da surukinka Malam Audu, ka ce na gode da ɗawainiyar da yake yi da ku da jakunanku. Allah ya tsare ku a zaune, ya tsare ku a tafe.

Bayan haka, ba labarin gida zan ba ka ba. Ɗanjimma mutumin Fakku, wanda na ba takardar nan, zai ba ka shi har ya yi maka ƙari. Abin da zan rubuta shi ne abin da bakina ya kasa faɗa maka ido da ido.

Ka tuna ranar da manzon sarkin garin nan na kudu ya zauna a zaurenmu. Ya ce ubangidansa yana neman marini. Ya ce fili kyauta, gida kyauta, shekara bakwai ba mai tambayarka kuɗin marina. Kai kana dubana, ni ina duban ƙasa. Da ya tafi ka ce, "Baba, ba ka ce komi ba." Na ce, "Allah shi zaɓa muna abin da ya fi alheri." Ka ɗauki wannan yarda ce. Ba yarda ba ce, kunya ce. Na san garin nan. Na yi shekara fuɗu a cikinsa tun ba a haife ka ba, ni ne kuma na hana a ambaci sunansa a gidanmu. Abin da kuka tashi kuna ji shi ne na taɓa zama wajen kudu, shi ke nan.

Ban hana ka fita ba, ba kuma zan hana ka ba. Ramukanmu biyar ba za su riƙe gidan yayanka da naka ba, kowa ya san wannan. Amma ka dubi abin da ka ɗaura wa jakunanka. Taiki shida na katsi, wanda muka yi shekara biyar muna kwasa daga gindin ramukanmu, muna dunƙulawa, muna ƙonawa. Idan ka kwaɓa shi da gashin akuya da dafara ya zama laso, rami uku zai shafe maka, ba zai kai na fuɗu ba. Mai gishiri ko mai goro, idan gari ya ƙi shi, da safe sai ya ɗaure kayansa ya yi gaba. Marini dukiyarsa rami ce. Ranar da lasonka ya bushe a jikin ƙasar wani, daga ranar kai da iyalinka kun zama na wannan ƙasa, ko tana da adalci ko ba ta da shi. Saboda haka kafin ka kwance taikin farko, ka saurari yadda ni na kwance nawa sau biyu a inda bai kamata ba.

Fitata ta farko ina ɗan shekara ashirin da wani abu. Na ji labarin wani gari a kan tudu, gabas da Kebbe, mai kasuwa kowane mako, kuma babu marini ko ɗaya a cikinsa. Na yi lissafina na yaro: inda babu abokin sana'a babu mai raba ni da ciniki. Na je na gaya wa kakanka. Yana motsa rami, bai ko ɗago ba, ya ce, "Wa za ya buga maka?"

Na ce, "Baba, rini nika, ba bugu ba."

Ya ce, "To. Wa ka noman baban rini can? Wa ka saƙa? Majemi fa, da za ka samu gashin laso wurinai?"

Na ce duk za a samu. Ya ce, "Allah shi sa," ya ci gaba da motsa raminsa.

Na isa garin da kaka. Rijiya cike, guga ba ya nisa, ruwa garau. Na haƙa rami biyu. Wata uku na farko mata suka yi ta kawo zare da tsofaffin zannuwa, har na aika wa kakanka da goro don ya san na yi daidai. Sai dai babban aiki bai zo ba. Bafatake ba ya sayen rawani ko rigar ƙore sai an buga masa shuni ya yi ƙyalli, garin kuwa babu mabugi. Sai in tara kaya in aika nan Tambuwal a buga, kwana fuɗu zuwa, kwana fuɗu dawowa, mai kaya yana zaune a zango yana ciyar da dabbobinsa. Ba wanda ya jira ni sau biyu. Baban rini kuma sai na sayo daga nesa, ban ga gonarsa ba, ban san ko an yanke shi a kan lokaci ba.

Sannan bazara ta zo. Rijiyar ta ja ƙasa, ruwan da ya rage ya koma zartsi. Na zuba baba da toka yadda aka koya mini, na jira kwanakinsa, na motsa safe da yamma, kumfa ta ƙi tasowa. Abin da na tsoma ya fito toka-toka, wanki ɗaya ya zube. Na ɗauka hannu aka sa mini, har na je wurin wani malami. Mutumin kirki ne. Ya ce in kawo masa ruwan da nake zubawa. Ya kurɓa, ya tofar, ya ce, "Ɗana, ba mai nufinka da sharri. Ko ni ba ni wanke allo da wannan."

Shekara ɗaya da rabi na yi na dawo. Kakanka bai ce ya faɗa mini ba. Ya miƙo mini sandar motsa rami ne kawai.

Ga abin da na fitar daga wannan. Garin da babu masu sana'arka, kada ka ce sun manta da shi ne. Marina sun riga ka yawo, galibi sun gwada sun bari. Ka nemi garin da tun daga ƙofa za ka ji ƙarar bugu, wanda masaƙa suke da unguwa, majema suke da gefensu, manoma suke shuka baba ba sai an roƙe su ba. Marini ashirin a wuri ɗaya ba sa cinye abincin juna, su ne suke sa madugu ya karkato da ayarinsa, domin ya san in wannan ya cika da aiki wancan zai karɓa. Na yi hira da fatake da alhazai da yawa a kan wannan, daga masu zuwa ƙasar Kano har masu zuwa Nufe, ban ji wanda ya ce ya taɓa ratse hanya saboda rami biyu ba. Ruwa kuwa, kada ka yarda da shaidar kaka. Ka ɗanɗana shi a ƙarshen bazara, ranar da ya fi muni.

Fitata ta biyu ita ce wadda na ɓoye muku. Na yi aure, an haifi yayanka, an haifi wata bayansa mai suna Hauwa. Ba ka san ta ba. Manzo ya zo daga garin nan da ake kiranka yanzu, ya zauna a zauren da naka manzon ya zauna. Fili kyauta, gida kyauta, shekara bakwai ba kuɗin marina. Kalmomin ba su canja ba, Idrisu, ko shekarun ba a rage ba a ƙara ba.

A wannan karo na ɗauka na yi hankali. Na tambayi ruwa, aka ce rafi ne mai gudu rani da damina, gaskiya ne kuma. Na tambayi hanya, aka ce ayarin goro yana kwana biyu a zangonsu. Akwai masaƙa, akwai mabugi guda. Na ce wannan karo babu abin da na bari.

Ranar da muka isa, wani bafade ya kai mu ganin filin. Yana bayan ganuwa ta kudu, kusa da wata babbar tsamiya, rafi yana gangare. Innarka tana biye da mu da Hauwa a baya, yayanka kuwa mun bar shi nan wurin kakanka. A gefen filin akwai ramukan rini shida a jere, an rufe bakinsu da ƙaya. Na leƙa ɗaya. Lason yana nan sumul, ba tsaga, aikin gwani. Innarka ta matso ta ce a hankali, "Malam, su wa sunka haƙa waɗanga?"

Bafaden ya ji. Ya yi dariya ya ce, "Wasu ragwaye ne, uwar gida. An yi musu gata sun kasa aiki, sun gudu."

Ta ce, "Raggo shina shafe rami hakanga?"

Na juya na ce mata ta yi shiru, ba a kawo mu nan don mu yi wa mutane titsiye ba. Ta juya ta gyara goyonta. A duk abin da na taɓa faɗa mata a zamanmu, babu kalmar da nake so in janye kamar wannan. Ni marini ne ɗan marini, idona ya ga lason nan kafin nata. Na san raggo ba ya wannan aiki. Na ƙi tambaya ne domin ina tsoron amsar za ta raba ni da kyautar.

Na haƙa rami uku a jere da shidan nan. Shekarar farko ta yi kyau. Sarkin dattijo ne mai fara'a, yana kirana "marinina" a gaban jama'a, ya ba ni riga da salla. Sai kayan gidansa suka fara zuwa. Wanda bai karɓi kuɗin marina a hannunka ba, da wane baki za ka ce masa ya jira? Rigunan bayinsa, zannuwan gidansa, na 'yan'uwansa, na baƙinsa. Ba a cewa nawa ne, ni ma ba na cewa. Rami biyu cikin uku kullum suna kan aikin fada. Bafatake ya kawo farin ƙyalle, in ce masa jibi, jibi ta yi dogari ya zo da ɗauri. Da an yanka mini abin da zan biya a shekara, da na biya na san sauran kwanakin nawa ne. Kyauta ba ta da iyaka da aka sani, don haka abin da ake karɓa a madadinta ma ba shi da iyaka.

A shekara ta biyu na san labarin shidan nan. Wata tsohuwa mai daddawa ce ta gaya wa innarka. Na wasu Nufawa ne 'yan'uwa uku, an kirawo su da irin kalmomin da aka kira ni. Suka yi ƙorafin aikin fada ya hana su na kasuwa, aka ce sun yi butulci, aka ce filin na sarauta ne, su tashi. Innarka ta kawo mini labarin da tuwon rana, ta ajiye su tare. Na ce ni ba zan yi ƙorafi ba, don haka ba abin da zai same ni. Wannan ma lissafi ne, kuma na yi shi da hankalina.

A shekara ta uku dattijon ya rasu, aka naɗa wani daga ɗaya gidan sarautar, wanda ba ya shiri da na marigayin. Bai yi mini alkawarin komai ba, bai kuwa yi ƙarya ba da ya faɗi haka. Sabon sarki yana da mutanen da zai saka wa, sai ya ba wannan mashigin rafi, ya ba wancan ƙofar gari, ya ba wani zango. Kowanne ya kafa sandarsa yana karɓa. Ayari ɗaya sai a tare shi sau uku kafin ya sauke kaya, abin da aka karɓa wata ɗaya kuma ba shi za a karɓa wata na gaba ba.

Akwai wani madugu Bakano da yake kawo mini aiki, ana ce masa Madugu Ilu, mutum mai barkwanci. Zuwansa na ƙarshe ya tsaya a bakin ramina yana tauna goro, ya ce, "Basakkwace, ka rina mini wannan da kyau, don na bankwana ne."

Na ce, "Madugu, ina za ka? Hanya ta nan ta bi."

Ya ce, "Wa ya gaya maka? Hanya inda muka taka take. Ni ba yawan abin da suke karɓa ne ya dame ni ba. Akwai mashigin da nake biyan fiye da haka, shekara goma sha biyu ban fasa bi ba, don tun daga gida na san abin da zan tarar. Nan kuwa kullum sai na zo ake yanke mini hukunci da girman rawanina. Akwai wata hanya ta yamma, ta fi nisa da kwana biyu, ƙaya kamar ta cinye jakuna. Can za mu bi." Ya dubi ramukana ya ƙara da cewa, "Da naka kayan yana ɗauruwa, da na ara maka jaki."

Bayan wata shida zango ya zama makiyayar awaki. Mabugin ya tashi. Masaƙa suka fara raguwa. Da damina ta shekara ta fuɗu wani yaron sarki ya zo da mutum biyu, ya ce an ba shi filin bakin tsamiya da abin da ke cikinsa, in ina so in zauna in yi masa aiki. Na tafi wurin alƙalin garin. Ya saurare ni har ƙarshe, ya tambaye ni, "Ka saya?" Na ce an ba ni. "A gaban wa?" Na ce a gaban fadawa. Ya aika a kira su. Cikinsu babu wanda ya tuna. Na karanta a littattafan fiƙihu cewa wanda ya raya ƙasa da izini yana da haƙƙi a kanta, na kuwa faɗa masa haka. Ya ce, "Ka yi karatu, marini. Kawo mini shaidar izinin." Mai izinin yana kabari.

Zuciya ta ɗebe ni. Innarka ta ce mu daure mu yi masa aikin har ruwa ya ɗauke, hanya ta bushe. Na ce ba zan kwana bakwai ina tsoma hannu a ramina da sunan wani ba. Muka taso cikin tsakiyar damina, ba ayari, mu kaɗai da jaki biyu. Ruwa ya dake mu kwana biyu a jere. Hauwa tana da shekara biyar. Zazzaɓi ya kama ta a mashigi na biyu, inda muka yi kwana uku muna jiran ruwa ya janye. A nan ta rasu. Ni na haƙa, mutanen wani ƙauye suka taya ni salla. Ajali na Allah ne, na sani, na kuma yi imani. Amma ranar tashi ni na zaɓa, garin ma ni na zaɓa. Innarka har ta koma ga Allah ba ta taɓa buɗe baki ta ɗora mini laifin ba. Da ta ɗora, wataƙila da na iya gaya muku tuntuni.

Kada ka auna ƙasa da fara'ar mai mulkinta. Fara'a tana tafiya kabari tare da mai ita. Ka tambayi abin da ake karɓa a hannun marini, ka tambayi mutum biyar dabam-dabam. Idan amsarsu ta zo ɗaya, ko da ta yi maka nauyi, wannan ƙasa ce da za a iya zama. Idan kowa ya ce "ya danganta", ka tambaya ya danganta da wa. Fili kuwa ka saye shi, ko kaɗan ne, a gaban alƙali da shaidu waɗanda ba fadawa ba, a rubuta. Ka je zango ka zauna da madugai, ka saya musu fura, kada ka tambaye su ko garin yana da kyau, ka tambaye su ko baɗi za su biyo. In kuma ya zama dole ka tashi, ka haɗiye fushinka har hanya ta bushe. Rabi da jaririyar nan ba su san girman kanka ba, ruwan sama ma bai san shi ba.

Saura abu guda, shi kuma nan Tambuwal ya faru, kana goye. Bayan dawowata zuciyata ba ta kan aiki. Wani Buzu mai raƙuma ya kawo mini rawuna ya ce baƙi ƙirin yake so. Ya kamata in tsoma su sau da yawa, ina shanyawa ina maimaitawa. Na rage, na bar mabugi ya rufe sauran da shuni. A ido ba ka ganewa. Mutumin ya jiƙa gefen ɗaya ya murza a gabana, ya dube ni, bai yi faɗa ba, ya wuce wurin alƙali.

Na tafi hankalina kwance. Ni ɗan gari, ubana ɗan gari, shi ko Hausar kirki ba ya ji. Alƙali ya sa aka kira sarkin marina, wanda abokin kakanka ne, tare suka yi ƙuruciya. Tsohon ya ɗauki rawani ya murza, ya shinshina. Sannan ya ce, "Allah shi gafarta malam, ɗana ne, amma aikin ga bai cika ba." Aka ce in sake rina su duka da nawa baban rini, in kuma ciyar da raƙumansa har in gama.

Wata guda ban gaishe da sarkin marina ba. Na riƙa cewa garinmu ya fifita baƙo a kan ɗansa. Da shekara ta zagayo sai ga Buzun nan da 'yan'uwansa biyar, a kan hanyarsu ta zuwa kasuwar Jega. Suka sauke fararen ƙyallaye a marinarmu, kowane rami ya samu. Shi da kansa ya kawo mini nasa. Na ce ta bakin tafinta, "Bayan abin da nay yi maka?" Ya ce, "Ba kai na dawo wa ba. Garin da za ka cuce ni a ƙwato mini na dawo wa. Kai kuma yanzu ka san ina murzawa." Rawunan da kuka tashi kuna gani kowace shekara a kan igiyoyinmu, daga wannan shari'a suka fito, wadda aka kayar da ubanku.

Don haka duk garin da ka sauka, ka ba majalisar alƙali kwana uku. Ka zauna a baya kamar mai jiran wani. Ka jira ranar da baƙo zai kawo ƙarar ɗan gari, ka ga yadda za ta ƙare. Kai ne baƙon nan gobe, masu kawo maka aiki ma baƙi ne. Ka duba ganuwa kuma, ko ana gyara ta bayan damina, ka tambayi mata masu ɗebo ruwa ko sun taɓa gudu sun bar tulunansu a rafi. Marina a wajen gari take, in mahara suka zo ita suke fara tararwa.

Yanzu ga abin da nake roƙonka, ba umarni ba ne, ka girma. Ayarinku ta garin nan zai bi, ka je ka gani. Shekara talatin ba kwana talatin ba ne. Sarkin da ya yi mini abin da ya yi ya daɗe da rasuwa, an ce na yanzu mai tsoron Allah ne, an ce ayari ya koma bi. Mai yiwuwa gaskiya ne, ba ni da ikon yanke wa jika hukunci da laifin kakansa. Amma kada ka kwance taiki ko ɗaya. Ka bar Rabi a Kebbe har ka ga bazara ɗaya da damina ɗaya a can. In ta kama ka yi aikin lada a ramin wani, ka yi, ba abin kunya ba ne, ni na yi bayan na mallaki nawa.

A kan hanya, kwana biyu kafin ku isa, akwai mashigi mai duwatsu baƙaƙe, da kuka biyu a hannun dama waɗanda gindinsu ya haɗe. Yayarka tana gabas da su, taku kamar ashirin. Ba za ka ga alama ba. Ka roƙi madugu ya ba ka ɗan lokaci, ka tsaya ka yi mata addu'a, ka yi wa innarku. Ni ƙafata ba za ta ƙara kai ni can ba.

In kun isa, za su kai ka ganin fili. Ka ce a kai ka bayan ganuwa ta kudu, wurin tsamiya. In ba a cike su ba za ka tarar da ramuka tara. Shida na farko na Nufawa ne. Uku na ƙarshe za ka gane su, don a bakin kowanne akwai shatar yatsa uku a jikin laso, irin wadda nake yi a namu na gida. Kada ka ce ka san mai su. Ka tambaya kawai, kamar yadda innarka ta tambaya: su wa suka haƙa waɗannan?

Idan aka ce maka na wani mutumin Tambuwal ne da aka zalunta a zamanin wani sarki, ko da a hankali aka faɗa, ko da tsoho ɗaya ne ya faɗa sauran suka sunkuyar da kai, to mutanen da suke tuna laifinsu ana iya zama da su. Ka ci gaba da sauran binciken da na lissafa maka, in ya yi, ka sayi filin, ka buɗe ramukan ubanka ka zuba musu baba. Lason zai riƙe, na san aikina.

Idan kuwa mai rakiyarka ya yi dariya ya ce na wasu ragwaye ne, kada ka yi musu, kada ka yi fushi saboda ni. Ka yi masa godiya, ka koma zango, ka bi ayari zuwa inda ake jin ƙarar bugu. Kada ka zama mai rami na goma.

Allah ya kai ku lafiya, ya tsare ku daga sharrin hanya da sharrin masauki, ya haɗa ka da shugaba mai adalci da maƙwabci mai amana. Allah ya raya jaririyar nan, ya sa in gan ta tana tafiya da ƙafarta. Ya sa albarka a hannunka da abin da hannun zai taɓa. Yayanka yana gaishe ka. Ka yafe mini shirun da na yi a zaure.

Wassalam. Mahaifinka, Yahaya.